Kejin ƙarfe a cikin MX-5: cikakke ko rabi, na noti ko na walda?

Mai_MX5:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin abin nan ku taimaka min da shawara. Ina da Mazda MX-5 ƙirar farko, wacce fitilunta ke ɗagowa, shekara biyu kenan ina lallaɓa ta, kuma kwanan nan na fara shiga filin tsere a ranakun da ake buɗe wa kowa ya zo ya gwada motarsa, ba gasa ba ce tukuna. Sau uku na je. A zuwan ƙarshe sai mai duba motoci ya tsayar da ni ya ce in zan dawo dole in sa ƙarfen kariya a bayan kujera tunda motar ba ta da rufi sai tamfol, ya sa na zauna da hular kwano a kaina ya nuna min da hannu cewa in ta kife to kaina ne zai fara taɓa ƙasa kafin komai. Wlh tun ranar abin yake raina. To sai na ga tunda za a sa, ai gara kawai a sa cikakken keji mai ƙafa shida a huta, har na ga wani a intanet wanda ake ɗaurewa da noti ba sai an yi walda ba. Matsalar ita ce motar nan ita nake hawa zuwa aiki kusan kullum. Me kuka gani, in ɗauko shi?

Ɗan Rali:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa in za ka yi ka yi mai gaba ɗaya, cikakken keji na walda, da giciye a ƙofa da giciye a bayan kujera. Rabin keji, wato na bayan kujera kaɗai, rabin kariya ne. Ni na taɓa kifewa sau uku a jere a kan tsakuwa, na buɗe bel na fito da ƙafata, ba don keji ba bayan ikon Allah da yanzu wani labarin ake.

Tsohon Makanike:
Dakata tukuna yaro, kar ka saya. Ɗan Rali, lokacin da ka kife me ke kanka?

Ɗan Rali:
Hular kwano mana Baba, da bel mai ɗauri shida da kujerar tsere.

Tsohon Makanike:
To ka gani. Shi kuma wannan bawan Allah zai shiga motar da safe da kansa a buɗe da bel ɗin kamfani mai ɗauri uku ya tafi aiki. Bututun da ke bi ta saman ƙofa ya gangara ta gefen gilashin gaba, a ƙaramar mota irin MX-5 tsakaninsa da gefen kanka bai wuce faɗin tafin hannu ba, wani lokacin ma bai kai ba. Ba sai mota ta kife ba, wani ya ɗan buge ka ta gefe a mahaɗar hanya da gudun da ba a bakin komai ba, kanka ya haɗu da ƙarfen nan, shikenan an samu matsala wacce da babu kejin ba za a same ta ba. Bel ɗin kamfani an yi shi ne ya bar jiki ya ɗan motsa, masu ƙera motar sun lissafa inda kai zai je suka sa roba da soso a wurin, kai kuma ka zo ka shimfiɗa ƙarfe a daidai wurin. Cikakken keji kayan motar da ta bar titi ne. Na daɗe ina faɗa wa yara wannan, wasu su ji wasu su ga kamar tsufa ne ke damuna.

Mai_MX5:
Baba na gode, gaskiya ban taɓa kallon abin ta nan ba. To in na naɗe bututun da soso fa?

Sabon Shiga:
Nima abin da zan tambaya kenan, na ga wasu suna sa irin soson nan mai laushi da ake naɗe bututun ruwa da shi

Injiniya:
Wannan soson bai da amfani ko kaɗan a nan, ka matsa shi da yatsa biyu ka ga, nan take za ka ji ƙarfe. To kai da ya taho da ƙarfin karo ya kake gani? Soson keji na gaskiya mai tauri ne, in ka taɓa shi sai ka ɗauka katako ne, yana da lambar gwajin inganci SFI 45.1 ko FIA 8857-2001 (FIA ita ce hukumar tseren motoci ta duniya), aikinsa shi ne ya murƙushe a hankali ya shanye bugun kuma ba ya narkewa ya ɗiga a jikin mutum in wuta ta tashi. Amma ku lura da kyau, an gwada shi ne da kai mai hular kwano. Ba a yi shi don kai tsirara ba. Ya fi babu nesa ba kusa ba, amma ba zai mayar da cikakken keji abin hawa zuwa aiki ba. Maganar Baba tana nan daram.

Sannan ga masu sababbin motoci irin su Toyota 86 ko BRZ, akwai jakar iska da ke saukowa daga gefen rufi kamar labule, bututun keji yana bi ta daidai hanyarta, ko ya tare ta ko a cire ta gaba ɗaya. MX-5 ɗinka ba ta da wannan amma na faɗa ne saboda masu karantawa.

Ɗan Rali:
Ranki ya daɗe na yarda da batun titi, amma fa ku tuna a fili ba kifewa kaɗai ake yi ba. Mota ta zame ta bugi shinge da gefe, ƙarfen bayan kujera me zai yi masa? Ƙofar MX-5 siririya ce.

Injiniya:
Gaskiya ne, ba zai yi masa komai ba a wannan. Shi ya sa a yawancin wuraren da ake gasa ta gaske motoci suna gogayya ƙofa da ƙofa ba a yarda da rabi, sai cikakke. Amma shi yanzu ba can yake ba, yana ranakun gwaji ne inda ake wuce juna da izini, kuma kwana nawa yake fili a shekara, kwana nawa yake titi? Dole ya auna inda ya fi daɗewa. Ko kamfanin Porsche da kansu, 911 GT3 da suke sayarwa da kayan Clubsport, rabin keji suke sawa a bayan kujeru, ɓangaren gaba daban ake ƙara shi in mutum zai shiga gasa. Ba don ba su iya cikakke ba ne.

Admin:
Muhawara tana kyau, a ci gaba. Mai_MX5 ka gaya mana tsawonka da kuma ko kana da niyyar shiga gasa nan gaba, don amsar ta danganta da wannan.

Mai_MX5:
Tsawona santimita 184 ne Admin. Gasa kuma ina so wlh amma ba bana ba, ƙila nan da shekara biyu in na iya tuƙin sosai kuma na samu wata motar zuwa aiki.

Tsohon Makanike:
To ga babbar matsalarka nan ma, tsawo. Akwai gwajin da ake yi da sandar tsintsiya, ka zauna yadda kake tuƙi da hular kwano a kanka, a ɗora sanda daga saman ƙarfen baya zuwa saman firam ɗin gilashin gaba, dole hularka ta kasance ƙasa da sandar, wurare da yawa suna son ratar inci 2 wato santimita 5. Wasu ma ba sa yarda da firam ɗin gilashin, sai su kai sandar can gaba wurin da ƙashin mota yake da ƙarfi, saboda firam ɗin yana iya lanƙwashewa. Kai da tsawon nan a kujerar kamfani ba na jin za ka wuce. Kuma ba za ka ce a ƙara wa ƙarfen tsawo yadda kake so ba don tamfol ɗin ba zai rufu ba. Saboda haka kujera ce za ta sauka, ko a rage soson ƙasanta ko a sa kujerar tsere a ɗaure ta kusa da daɓen motar ba tare da layin ja gaba da baya ba. Kujera ake fara zaɓa, a kafa ta, ka zauna, sannan a auna ƙarfe. Mutane suna yin abin a juye, su sayi keji sannan su zo suna neman kujerar da za ta shiga.

Kuma dan Allah ka guji waɗannan ƙananan baka biyu masu ƙyalli da ake sawa bayan kujerun MX-5 don ado. Ba su da ƙafafun baya da za su tokare su, in mota ta kife gaba suke ninkewa a kan wuyan mutum, masu irin motar ma tarkon ɓera suke kiransu.

Gudu Zalla:
Ni dai shawarata ko rabi ko cikakke ka sa a yi maka da kromoli 4130, ya fi ƙarfi ya fi rashin nauyi, ƙarfen jirgin sama ne. Sauran duk ɓata lokaci ne

Injiniya:
Malam bari in gyara wannan don ana yawan faɗar sa. Kromoli bai fi ƙarfe na yau da kullum rashin nauyi ba, in ka yanko bututu biyu masu faɗi ɗaya da kauri ɗaya ka ɗora a sikeli nauyinsu ɗaya ne, kuma wajen ƙin lanƙwasa kafin ya kai iyakarsa ma ɗaya suke. Abin da ya fi shi ne yana ɗaukar nauyi mai yawa kafin ya lanƙwashe dindindin, shi ya sa wasu dokoki suke barin a yi amfani da mai siririn bango, daga nan ragin nauyin yake zuwa. Misali NHRA ta Amurka masu tseren miƙaƙƙen layi, kaurin bango inci 0.118 suke nema a ƙarfe na yau da kullum, a kromoli kuma 0.083, wato kamar milimita 3 da milimita 2.1, amma da sharaɗin waldar TIG kaɗai, wato waldar lantarki mai amfani da iskar argon. In dokar da kake bi ba ta ba ka wannan rangwamen ba to ka sayi wahala ne kawai ba ka rage ko giram ɗaya ba.

A dokar FIA kuwa, Rataye J sashe na 253, kejin da mutum zai haɗa da kansa ba tare da takardar amincewa ta musamman ba dole ya zama ƙarfen kabon mara gauraye, mara ɗinki, wanda aka ja shi a sanyi, kabon ɗinsa kar ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, ƙarfin jansa aƙalla 350 N/mm². Kromoli da ƙarfen T45 da ire-irensu sai a kejin da kamfani ya ƙera aka gwada aka ba shi takarda. To ka ga in ya bi shawararka ya je wurin da ake bin FIA, mai duba mota zai iya mayar da shi gida da kejinsa mai tsada.

Mai Walda:
Allah ya saka Injiniya. Ni da nake riƙe da tocin zan ƙara da cewa kromoli ba ya yafiya. In ka ba shi zafi da yawa ko ya huce da sauri, gefen waldar yana yin tauri ya zama mai saurin tsagewa, ido ba zai gani ba sai ranar da aka buƙace shi. Ƙarfe mai laushi kuwa lanƙwashewa yake yi yana shan bugu, kuma wannan ake so a keji. Na fi son in ga DOM ko CDS da walda mai kyau a kan kromoli da waldar wanda yake koyo.

Sabon Shiga:
Oga mene ne DOM da CDS ɗin, kuma me ya hana a yi da bututun ruwa mai kauri tunda shi ma ƙarfe ne?

Mai Walda:
Ƙanena kar ka kuskura. Bututun ruwa an yi shi ne ya riƙe ruwa a ciki ba ya ɗauki mota a kansa ba, kuma mai farin shafin zinki in ka yi masa walda hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Bututu iri uku za ka ji ana ambata. ERW shi ne falle aka naɗe aka ɗinke da lantarki, in ka leƙa ciki za ka ga layin ɗinkin, ƙungiyoyin tsere da yawa sun daina karɓar sa. DOM shi ma da ɗinki ya fara amma sai aka ja shi a sanyi ta kan sandar ƙarfe har ɗinkin ya baje kaurin bangon ya daidaita ƙarfinsa ya ƙaru, shi Amurkawa suka fi amfani da shi. CDS kuma tun asali ba shi da ɗinki, shi ne na Turai da FIA. In za ka saya ka nemi takardar ƙarfen daga mai sayarwa, kar ka yarda da baki.

Mai_MX5:
To wane girma ya kamata?

Injiniya:
Littafin dokar inda za ka yi tsere shi zai gaya maka, ka nemo shi ka karanta kafin ka sayi ko noti ɗaya, har na gasar da kake hange nan da shekara biyu. Na FIA: babban bakan bayan kujera milimita 45 da kauri 2.5, ko 50 da kauri 2.0. Sauran sassa 38 da 2.5 ko 40 da 2.0. Ƙungiyoyin tsere na Amurka irin SCCA suna bin nauyin mota ne, mota mai nauyi bututu mai kauri. Wani abu da zai ba ka sha'awa, na lissafa, mita ɗaya na 45 da 2.5 yana kai kilo 2.6, na 50 da 2.0 kuma kilo 2.4 bai cika ba, amma duk da haka na 50 ɗin ya fi ƙin lanƙwasa da kusan kashi 15 cikin ɗari, saboda faɗi ya fi kauri tasiri. Sai dai a MX-5 kowace milimita 5 wuri ce, tsakanin kujera da tamfol babu sarari, za ka iya samun kanka dole ka ɗauki 45.

Babban bakan nan dole ya zama bututu ɗaya tun daga ƙafa zuwa ƙafa ba haɗi, a lanƙwasa shi a sanyi da inji, ba a gasa shi da wuta ba, kuma gwiwar kar ta yi tsini, rabin faɗin da'irar lanƙwasarta aƙalla ninki uku na faɗin bututun. In ka ga gwiwa ta yamutse ko ta baje kamar an taka ta, ka bar ta. Ƙafafun baya biyu su tashi daga kusa da saman bakan su koma baya da karkata aƙalla digiri 30 daga tsaye, miƙaƙƙu ba lanƙwasa. Sai karkataccen bututu a cikin bakan daga sama bayan kan direba zuwa ƙasa ɗaya gefen. Wannan karkataccen shi mutane suke son cirewa wai yana tare madubi ko yana hana kujera komawa baya, alhali shi ne yake mayar da murabba'i alwatika, in babu shi bakan yana iya kwantawa gefe kamar kwalin da aka cire wa gindi.

Ɗan Rali:
Duk na yarda. Amma batun noti fa ban sauka ba, keji na noti wasan yara ne, walda ita ce magana.

Mai Walda:
Yallaɓai ni walda ce sana'ata amma ba zan ce haka ba. FIA ɗin ma ta yarda da noti in an bi ƙa'ida: kowace ƙafa ta babban baka a kan faranti mai kaurin milimita 3 aƙalla, da wani farantin ƙarfafawa shi ma milimita 3 mai faɗin santimita murabba'i 120 da aka yi wa walda a jikin mota, da noti uku aƙalla masu kaurin milimita 8 (M8) da darajar ƙarfi 8.8. Abin da ke kashe keji ba noti ba ne, inda ya tsaya ne. Daɓen mota falle ne da kaurinsa bai fi milimita ɗaya ba, ka kafa bututu a kansa da ɗan faranti kamar tafin jariri, ranar da mota ta kife nauyinta duka ya sauka a kan wannan ɗan wurin, sai ƙafar ta huda daɓen ta fita ƙasa kamar ƙusa a kwali, kejin yana nan lafiyarsa ƙalau bai lanƙwashe ba amma ya nutse, rufi ya sauko kan mutum. An taɓa kawo min mota in gyara aikin wani, da na ɗaga kafet sai na tarar ƙafar gaba a kan tsatsa take zaune, an shafe da fenti baƙi, da sukudireba na huda wurin da hannu ɗaya. Mai motar ya yi wata shida yana gudu da ita yana ganin a tsare yake. Raina ya ɓaci ranar ba kaɗan ba.

Shi ya sa Mai_MX5 kafin komai ka duba tsatsa, motarka ta haura shekara 25 kuma irinsu an san su da cin tsatsa a ƙashin gefe da ke ƙarƙashin ƙofa, musamman ta baya kusa da taya. In wurin ya ci sai an yanke an sa sabon ƙarfe tukuna. Ƙafa kuma a kafa ta a kusurwa inda daɓe ya haɗu da ƙashin gefe ko bango, faranti ya kama fuska biyu ko uku, ba a tsakiyar fili ba.

Inda nake tare da Ɗan Rali shi ne cikakken keji na noti irin na intanet ɗin nan. Don ya shiga ta ƙofa a guntu-guntu kuma ya kauce wa dashbod, sai su lanƙwasa ƙafar gaba ta zagaye dashbod ɗin, kowace gwiwa kuma wurin ninkewa ce, ga shi yana nesa da jikin mota yana cin wurin direba. Na walda ana manna shi da ginshiƙan mota a ɗinke su tare, motar ma ta ƙara tauri. To in lokacin cikakke ya yi, walda. Amma rabi mai ƙafa huɗu na noti daga masu yin na MX-5 musamman, da farantai a sama da ƙasa, ba ni da ja a kansa.

Ɗan Rali:
To a nan mun haɗu Oga.

Mai_MX5:
Na fahimta sosai. In na ɗauki rabin, zan iya ɗaurawa da kaina a gida? Ina da na'urar huda da makullai

Tsohon Makanike:
Za ka iya in kana da haƙuri da mutum ɗaya mai taimako, amma ka ji wannan da kyau: tankin man MX-5 a bayan kujeru yake, ƙarƙashin wannan dandamalin da tamfol ke kwanciya a kai, daidai unguwar da za ka yi huda. Kafin ka huda kowane rami ka leƙa ƙasa ka san me ke bayansa, tanki ne ko bututun mai ko na birki ko wayoyi, ka sa wa bakin na'urar abin tsayarwa don kar ya zarce. Ka cire kan batir, yana cikin but. Ka ɗaura duk notocin sako-sako tukuna sai komai ya zauna sannan ka bi su ka ɗaure da makulli mai awo, kar ka ja ƙarfe da ƙarfi don rami ya haɗu. Ramin da ka huda ka shafa masa fenti don tsatsa. Kuma ka gwada rufe tamfol da buɗe zif ɗin tagar baya kafin ka ɗaure na ƙarshe.

Mai Walda:
In kuma akwai wurin da za a taɓa da walda, a cire kafet da baƙin ƙaron nan na hana ƙara da ke manne a daɓe, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fari, a cire kwamfutar mota ko aƙalla a zare batir, abin kashe gobara yana kusa da mutum ɗaya da aikinsa kawai kallon ƙasan mota. Kuma kar a wanke wurin da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, in zafin walda ya taɓa shi yana fitar da iskar fosjin mai guba, kaɗan take isa ta lalata huhu.

Ranar da za ka yi cikakken kuma ga yadda za ka gane mai walda na gaske: tambaye shi yaya zai yi waldar saman haɗin da ke manne da rufi. Doka ta ce walda ta zagaye bututu duka. Masu gaskiya ko su huda daɓe su sauke kejin ƙasa su yi saman sannan su ɗaga shi su toshe da faranti, ko su cire fallen rufi. Kai taka buɗaɗɗiya ce ka huta da wannan, amma ka sa madubi ƙarami ka duba bayan kowane haɗi. Kuma kar ka bari a goge walda da giranda wai don ta yi kyau, ko a cike ta da hoda, mai duba mota yana son ganin ta yadda take. Bakin bututu ma a yanke shi ya rungumi ɗan uwansa ba rata, ba a cike gibi da walda.

Gudu Zalla:
To shi bel fa? in ya sa rabin ai sai ya sa mai ɗauri huɗu ya fi kyau

Injiniya:
Mai ɗauri huɗu na yau da kullum shi ne na fi tsoro a duka. In aka yi karo ta gaba, na kafaɗa suna jan na ƙugu sama ya bar ƙashi ya hau ciki, mutum ya zame ta ƙarƙashinsa, kayan ciki su sha bugun. Ɗauri na biyar da na shida da ke bi ta tsakanin cinyoyi aikinsu kenan, su riƙe na ƙugu a kan ƙashi. Kuma suna buƙatar kujera mai ramukansu, ba a zagaya su ta gefen kujerar kamfani. Na kafaɗa a ɗaure su a bututun da ke kwance bayan kujera, daidai da kafaɗa ko ƙasa kaɗan, kar ya wuce digiri 20, kuma kusa. In ka kai su can ƙasa a daɓe, ranar karo za su danne ka ƙasa su matse ƙashin baya.

Sannan da zarar ka ɗaure jiki tamau a kujera ka ƙara wa kai nauyin hular kwano, wuya ne kaɗai ya rage yana motsi. Direban tsere na Amurka Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairu 2001 a cikin mota mai cikakken keji, karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe shi, kuma a cikin shekarar NASCAR, hukumar da ke shirya tseren, ta wajabta abin riƙe kai da wuya, Formula 1 ta bi a 2003. Abin riƙe kai da wuyan nan, wato HANS, tun shekarun 1980 Robert Hubbard da Jim Downing suka ƙirƙiro shi, mutane suka yi ta ƙin sawa. Saboda haka Mai_MX5, ko ka tsaya a kujerar kamfani da bel ɗin kamfani da ƙarfen baya mai soso, ko ka tafi gaba ɗaya: kujerar tsere, ɗauri shida, HANS, hular da ke da maƙalansa. Tsakiyar ce ba na so. Kuma ka bar bel ɗin kamfani a wurinsa don titi, da ɗauri shida ba ka iya sunkuyawa ka leƙa hanya a mahaɗa.

Mai_MX5:
Anti Injiniya wannan ya shige ni. Amma tsaya, ko rabin ma ai yana bayan kaina a titi ba hula, ba matsalar da Baba ya faɗa ba ce?

Tsohon Makanike:
Ita ce, sai dai ta ragu sosai. In an buge ka ta baya kai yana komawa baya da sama, shi ya sa dole kujera ta zama mai dogon baya da ta tare kanka, bakan ya kasance bayan kujerar ba a saman kanka ba, kuma duk inda kai zai iya kaiwa a naɗe da soson nan mai tauri. Dogo irinka sai ya fi kula. In ka sauke kujera ka ci riba biyu, ka wuce gwajin sanda kuma kanka ya yi nesa da ƙarfe. Ka zauna ka sa wani ya tura kanka baya da gefe iya inda zai je, in ya taɓa ƙarfe to ba a gama aiki ba. Wanda zai zauna a kujerar gefe shi ma a gwada shi haka.

Admin:
Ƙari ɗaya, ka sanar da kamfanin inshorarka kuma ka duba dokar ƙasar da kake kan gyaran mota, wasu ƙasashen sai an duba an rubuta a takardun mota kafin ka hau titi da shi.

Mai_MX5:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na fasa na intanet ɗin. Gobe zan ɗaga kafet in duba tsatsa, in nemo littafin dokar filin, sannan in fara da kujera in zauna da hula a auna ni da sanda kafin in yi odar rabi mai ƙafa huɗu da karkataccen bututu da na ɗaure bel. Cikakken sai motar ta daina zuwa aiki. Oga Mai Walda in na turo hoton ƙashin gefen za ka duba min?

Mai Walda:
Turo, amma ka ɗauka ta ƙasa da fitila, gefe biyun duka, kuma ka ƙwanƙwasa wurin da bakin sukudireba ka gaya min ƙarar da ka ji. Inda fenti ya kumbura ka kankare shi kafin ka ɗauki hoton.